Hattara da mai cewa "burenbos ya ƙone" a layin Apapa

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motocin da ke lodi a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas. Abin da ya same ni makonni uku da suka wuce ne ya sa na rubuta wannan.

Tirelata DAF ce. Bayan ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa, ta fara shaƙewa, tana ja da ƙyar, fitilar gargaɗi ta kama. Muna cikin layi sai ga wani mutum da jaka da kwamfuta, Hausa a bakinsa raɗau, ya ce shi riwaya ne, wato mai gyaran wutar mota. Ya jona na'urarsa, ya girgiza kai, ya ce: "Alhaji, sai haƙuri, burenbos ya ƙone. Amma akwai tokumbo a Ladipo, kafin la'asar zan kawo." Burenbos dai shi ne akwatin kwamfutar da ke sarrafa injin mota, tokumbo kuwa na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, Ladipo kuma kasuwar kayan mota ce. Mutumin ya kwance nawa ya tafi da shi, wai don a dace da lamba. Kwantena na jira, kuɗin jinkiri na hawa, na tura masa naira dubu 480.

Ya dawo, ya ɗaura, mota ta tashi lafiya lau. Har goro na ƙara masa.

Sai da na kai ta Agege wurin bakaniken da na saba da shi asiri ya tonu. Bara ya ɗiga jan fenti a bayan akwatin lokacin da ya yi aiki a kai. Yana juyawa, ga fentin nan. Nawa ne aka wanke, aka manna sabuwar takarda, aka sayar mini. Aikin da mutumin ya yi a zahiri bai wuce goge soket ba, don mun ga burbushin koren tsatsa a bakinsa.

Nan ne bakanike ya zaunar da ni. Iskar Legas gishiri gare ta, ga ruwa kwance a hanya. Da zarar robar da ke bayan soket ta tsage, danshi ya shiga, haƙoran ƙarfen da ke ciki su yi kore. Yawancin sensa, wato ƙananan na'urorin da ke aika wa burenbos bayanin injin, da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 5 kacal suke aiki, ko da wutar motar mai bolt 24 ce, saboda haka ɗan tsatsan nan ya isa ya rikita saƙon da ke zuwa burenbos. Lambar da kwamfuta ke nunawa kan faɗi layin da ke da matsala ne, ba ta cewa akwatin ya mutu.

Dubawar ma ba wuya. A kashe mota, a cire kan batir, a buɗe soket a haska da tocila. A ja kowace waya a hankali, wadda haƙorinta ya zame baya za ta biyo hannu. A bi wayarin a ga inda yake gogar ƙarfe. A fesa maganin wanke soket, a bari ya bushe, a mayar har makullinsa ya ce ƙas. Kada a kankare da sanfefa, rufin haƙoran siriri ne, in ya tafi tsatsa ta samu gida. Kuma a irin waɗannan motoci, baƙon burenbos galibi sai an saita shi da kwamfuta kafin ya yarda da makulli. Wanda aka ɗaura cikin minti goma ya tashi, abin tambaya ne. Ni dai gaggawa ta hana ni tambayar.

Wani direba a Ijora ya ce nasa ya fi muni: da dare aka sassauta masa soket yana barci, da safe mai gyara ya bayyana kamar an aiko shi.

Ku ɗauki hoton lambar burenbos ɗinku yau, ku sa masa alama a ɓoye. In dole sai an fita da shi, yaron mota ya bi shi ƙafa da ƙafa. Lambar wayar mutumin a kashe take tun ranar, amma an ce an gan shi wajen Mile 2 da jakar nan tasa.