Jama'ar Kano a yi hattara da mai "jarin allon igiyar ruwa"

Salam 'yan uwa, don Allah wanda ya gani ya tura gaba. Akwai wani gaye da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, yanzu har ya fara bin yaran shago a Kwari da Farm Centre, wai ka sayi allon nan da ake hawa igiyar teku da shi, safbod, shi zai kai Tarkwa Bay a Legas yana ba masu koyo haya, kai kana kwance a Kano duk sati kana jin alat. Ƙanin matata har ya tura rabin kuɗin.

Tarkwa Bay gaskiya ne, da jirgin ruwa ake zuwa kuma ana wannan wasan a can, shi ya sa maganar take shiga kunne. Amma ku kalli hotunan da yake turawa da kyau. Duk gajerun alluna ne masu tsinin baki, sirara, ƙafa 6 ko ƙasa da haka, irin na ƙwararru masu hawa igiya mai ƙarfi. Wanda ya san harkar zai gaya maka mai koyo ba a ba shi wannan, dogo ake ba shi mai faɗi da kauri, ƙafa 8 zuwa 9, galibi mai soso a sama don in ya buge shi kar ya ji ciwo. Dalili kuwa ƙaramar igiya ba ta da ƙarfin tura mutum, sai allon da ke ɗaga ka sosai a saman ruwa, shi ya sa da lita ake auna cikinsa, gajeren nan wajen lita 30 ne, na koyo kuwa yakan haura 60. Ka ɗora ƙato ɗan koyo a kan mai lita 30 ai nutsewa zai dinga yi yana shan ruwan gishiri. To wa zai biya haya a kan wannan? Na tambaye shi lita nawa ne allon, sai ya ce min wai "original ne Alhaji". Shi ke nan amsar.

Abin dariyar ma, ya ce in kasuwa ta buɗe za a kawo reshe dam ɗin Tiga. Tiga fa! Ina igiyar take?

Kuɗin kuma akawun ɗin mutum ake turawa ba na kamfani ba, sunan ma daban da nasa, kuma ka kawo mutum biyu a ƙara maka riba. Takardar rajistar kamfani ta CAC da yake nunawa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan hurumin SEC ne, hukumar da ke sa ido kan harkar zuba jari. Wanda ya riga ya tura ya ajiye rasit da sikirinshot na hirarsu, ya je bankinsa yau ɗin nan, sannan ya kai ƙara ofishin EFCC na nan Kano, kar a tsaya jiran alat ɗin sati mai zuwa.