Na tuƙa jirgi a saman Yamai da taimakon gajimare

Wata uku ke nan da na sayi konsol, wato na'urar wasan bidiyo, ƙirar Xbox Series S a hannun wani abokina, kuma wasan da ya fi cinye mini dare shi ne Microsoft Flight Simulator, na tuƙin jirgin sama. Ƙanena ne ya sa ni wannan rubutu, don kullum tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne fasahar gajimare, wato manyan kwamfutocin da ke can nesa, na iya ƙara wa konsol ƙarfi?

A wannan wasa dai, da gaske ne. Ma'ajiyar konsol ɗina giga 512 ce kawai, taswirar duniyar da wasan ke aiki da ita kuwa ta kai wajen giga miliyan 2. Ba konsol ɗin da zai ɗauki wannan kaya. Don haka sai kwamfutocin Azure, wato gajimaren kamfanin Microsoft, su riƙe shi, su riƙa turo maka yankin da kake ratsawa kaɗan-kaɗan ta intanet. Tun 2021 wasan ke kan Xbox a haka.

Daren farko na tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai, na juya yamma. Sai ga kogin Isa kwance da lanƙwasarsa, ga inda gadar Kennedy ta tsallaka zuwa Harobanda. Na rage gudu, na sauko ƙasa-ƙasa ina neman unguwarmu ta Yantala, na bi titi har na gane kwanar gidanmu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na kira mahaifiyata na ce, "Inna, zo ki ga garinku daga sama." Ta zauna ta daɗe tana nuna wurare da yatsa. Gidajen ba su ne ainihin namu ba, na'ura ce ke ƙera su daga hoton tauraron ɗan adam, shi ya sa wasu rufin ba su yi kama da na Yamai ba. Amma tituna da filaye da launin ƙasa, duk nasu ne. Har yanayin sama ma na ranar ake turowa: wani yammaci hadari ya haɗu a waje, na duba tele na tarar da shi a gaban jirgina.

Ranar da rezon gidanmu ya yanke ina sama, wasan bai tsaya ba, sai dai ƙasa ta koma dishi-dishi, birnin ya zama kamar kowane birni. Nan na gane rabon aikin. Tuƙin da kansa, juyawar jirgi da amsa manet, konsol ne ke yinsa a ɗakina. Gajimare kayan kallo yake kawowa, kuma kayan kallo ko sun makara da daƙiƙa biyu ba wanda ya mutu.

Abin da ƙanena ke so daban ne. Shi ƙwallo yake bugawa a konsol, kuma yana mafarkin a ce wasan gaba ɗaya can nesa ake sarrafa shi, hoto kawai ke zuwa. Na ce masa, "Kai, yi lissafi." Wasa mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Cibiyoyin Azure na Afirka suna Johannesburg da Cape Town, akwai kuma waɗansu a Faransa. Ka danna maɓalli, saƙon ya je can ya dawo, ai kafin nan an ƙwace ƙwallon. Ba a ma buɗe hidimar Xbox ta buga wasa daga gajimare a Nijar ba tukuna.

Sai batun kuɗi. Wasan jirgin na shan forfe kamar raƙumi a bakin rijiya, don haka na shiga saitin na sa masa iyaka, na kuma bar shi yana ajiye yankin Yamai a konsol, kada ya riƙa sake ɗauko shi. Daren Asabar mai zuwa Tawa na nufa, in dai wuta ta zauna.