Miƙe jiki ko sandar pol, amsa ga 'yar uwa mai ciwon gwiwa da baya

Salam 'yar uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki amma na bari sai na samu natsuwa dan ba abin da za a amsa a layi biyu bane. Kin ce shekarunki 41, gwiwar dama tana damunki har wani lokacin a kujera kike sallah, ga ciwon ƙasan baya tun aikin haihuwa da aka miki shekara uku da suka wuce, in kin sunkuya hannunki ko tsakiyar ƙwauri baya kaiwa, kuma kina ta ganin bidiyon masu motsa jiki da sandar ƙarfen nan da ake cewa pol abin yana burge ki. Shine kike tambaya wanne ya fi dacewa da ke, atisayen miƙe jiki ko pol ɗin, kuma wai dole sai jiki ya yi laushi kafin a taɓa sandar?

Na yi duka biyun shiyasa abin ya tsaya min a rai. Pol na fara shi a ajin mata zalla lokacin da nake karatu a Ingila, miƙa kuma likitar fisiyo, wato mai gashin ƙashi, ce ta ɗora ni a kai daga baya. Kuma bari in fara da ta ƙarshen, a'a ba dole bane. Masu tale ƙafa har ƙasa da kike gani a bidiyo sun yi shekaru a kai, ajin 'yan farawa ba a tambayar kowa laushin jiki. Abin da sandar take tambayarki ranar farko shine ƙarfin riƙon hannu da kafaɗa, shikenan.

To kinga ba aiki ɗaya suke yi ba. Miƙa tana ƙara miki nisan inda gaɓa za ta iya kaiwa, pol kuma ƙarfi yake ginawa, hannu, kafaɗa, gadon baya da tsokar ciki, dan nauyin jikinki gaba ɗaya kike ɗagawa. Miƙa ke kike da iko da ita ɗari bisa ɗari, in kin ji ya isa ki tsaya a nan, babu faɗuwa, tabarma da tawul da bango sun ishe ki. Pol kuwa da zarar ƙafa ta bar ƙasa nauyi ya riga ya hau kafaɗa, ba za ki ce mata bari in ba ki rabi ba.

Ƙa'idar miƙa ba ta da wuya, ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka wato ACSM ta ce a riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har ta tashi kamar daƙiƙa 60 a kowace tsoka, aƙalla kwana biyu zuwa uku a sati. Kuma jiki da ɗumi, ki ɗan yi tafiya minti biyar ko goma tukunna, ba daga tashi bacci ba. Canjin da za ki fara gani a satukan farko yawanci ba tsokar ce ta ƙara tsawo ba, jiki ne ya saba ya daina jin tsoron wurin, shiyasa yi kaɗan-kaɗan akai-akai ya fi a zauna rana ɗaya a ja har hawaye. Amma gaskiya miƙa kaɗai ba za ta gyara miki gwiwa ba, in amosanin gwiwa ne abin da yake rage mata wahala shine ƙarfin tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce manya su yi atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati ko fiye, kuma ta saka masu buƙata ta musamman a ciki. Nan ne miƙa ta gaza, nan ne kuma pol ya fi ta, sai dai shi ma sama yake ginawa fiye da ƙafa, gwiwa sai kin nema mata nata daban.

Maganar gwiwarki, abin mamaki pol yana yafe wa gwiwa fiye da yadda mutane suke zato, dan sandar kanta madogara ce, kina riƙe da ita kamar yadda ake riƙe ƙarfen bene. Inda matsalar take wuri uku ne, sauka ƙasa da ƙarfi bayan juyi, motsin da ake maƙale sandar a bayan gwiwa a matse, sai na ƙasa da ake durƙusawa ana jan gwiwa. Wadda zaman tahiya yake mata wuya ta ajiye ukun nan gefe tukunna, kuma akwai abubuwa da yawa da za ta yi ba tare da su ba, zagaya sandar da tafiya, juyi ƙafa ɗaya na ƙasa, riƙe sandar ki ja jikinki sama kaɗan ki sauko a hankali. A ɓangaren miƙa ma akwai masu cutar gwiwa fa, irin wadda ake zama a kan dunduniya a kwanta baya, ko zaman harɗe ƙafa ana danna gwiwa da hannu, kar ki yi su. Bayan cinya ki miƙa shi a kwance, ki saƙala tawul a tafin ƙafa ki ja a hankali.

Baya shine ya fi tsaya min. Sunkuyon nan da kike gwada kanki da shi, a tsaye ana neman taɓa yatsun ƙafa, ki daina shi musamman da sassafe, yana ɗora wa ƙasan baya nauyi. Kuma ki koyi bambance ja da zugi, miƙa mai kyau ja ne a tsakiyar tsoka mai faɗi haka, in kin saki ya tafi. Amma in kika ji kamar lantarki ya bi ta ɗuwawu ya sauka ƙafa, ko yatsu suna kwanciya suna tsira-tsira kamar allura, wannan jijiya ce ba tsoka ba, ba a ja da ita. In kuwa ƙafa ta fara rauni ko riƙe fitsari ya zama wahala to ba maganar atisaye ake ba, asibiti a ranar. Sannan tunda kin haihu ki duba tsokar ciki ko ta rabu, ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa ki ɗaga kai kaɗan ki sa yatsu saman cibiya, in kin ji rami da ya wuce yatsu biyu ki nuna wa likitan fisiyo kafin komai. Dalili kuwa juyewa kai ƙasa a pol tsokar ciki ce take ɗaga ƙafafu, in ba ta da ƙarfi baya ne zai biya bashin. Mai hawan jini da bai daidaita ba ko hawan jinin ido kuma juyewar nan ba tata ba ce sai da izinin likita.

Abin da ba ki ambata ba shine kafaɗa, kuma wallahi ita ce alƙalin maganar. Ni a nan na ji ciwo. Wata na biyu da farawa na riƙa tsalle ina faɗawa juyi da hannun dama kaɗai, ina barin jikina ya rataya kafaɗar ta haye har kunne maimakon in ja ta ƙasa in riƙe, malamar ta gyara min ya fi sau uku amma ɗoki ya hana ni ji. Wata rana da safe na ɗaga hannu zan ɗaura ɗankwali sai na ji wani suka a gaban kafaɗa har sai da na zauna bakin gado, sati shida ko shanya wanki a igiya bana iyawa da hannun. Akwai ƙananan tsoka guda huɗu da suke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa, su ne suke shan wahala. Dan haka a wurina larurar da take daga ƙugu zuwa ƙasa pol yana iya kewaye ta, wadda take kafaɗa ko wuyan hannu kuwa baya kewayewa.

Kar kuma wani ya ce miki larura ta rufe ƙofa. Hukumar wasan pol ta duniya wato IPSF da aka kafa a 2009 tana da rukunin masu buƙata ta musamman a gasarta. Akwai Deb Roach 'yar Ostireliya da hannu ɗaya gare ta ta ci gasar ƙasa da ƙasa a 2012, akwai Greta Pontarelli a Amurka da ta fara tana da shekara 59 bayan an gano ƙashinta ya fara rauni, ta zo ta ci gasar duniya a rukunin manya. Na san wasu da sun ji pol gidan rawa ne yake zuwa musu rai, eh ta can ma ya biyo ba ƙarya, amma a Indiya akwai mallakamb da 'yan kokawa maza suke yi a kan sandar katako tun da daɗewa.

Sutura kuma kar in ɓoye miki, sandar ƙarfe fata take kamawa, hawa sama da zama a kanta sai cinya da gefen ciki a buɗe, shiyasa kike ganinsu da ƙananan kaya. Matakin da nake ce miki na ƙafa a ƙasa hannu kaɗai yake buƙata, da dogon wando ma za ki yi, kuma akwai sanda mai rufin silikon da ake hawa da kaya a jiki. Ranar atisaye babu basilin babu man kaɗanya ko a hannu, santsi ne zalla. Lokacin zafi zufa, lokacin hunturu fata ta bushe ƙarfen ya yi sanyi baya kamawa sai an ɗumama shi. Ga kanta a tafin hannu da kwanciyar jini a cinya da ƙwauri, mai shan maganin tsinka jini ta lura da wannan. Miƙa babu ko ɗaya cikin waɗannan, a ɗakinki da zaninki.

Masu karantawa da jikinsu yake da laushi fiye da kima, irin masu lanƙwasa babban yatsa ya taɓa hannu, ku kam ba ƙarin miƙa kuke buƙata ba, ƙarfi ne. Mai sikila da ƙugu ke damunta ta yi hoton ƙashi kafin ta fara tale ƙafa.

Da ni ce ke, zan je fisiyo a duba gwiwa da baya a san sunan ciwon, sai in yi kamar wata biyu ina miƙa a kwance tare da ƙarfafa cinya, ciki da kafaɗa da robar atisaye mai talewa, daga nan in shiga pol da malama a gabana ƙafa a ƙasa, hagu da dama daidai, ba daga bidiyo ba. In kuma sandar gida za ki saya, kaurin milimita 45 aka fi amfani da shi, mai ƙaramin hannu 40, kuma irin wadda ake tokarewa tsakanin ƙasa da sama sai rufin kankare ko katakon rufi mai ƙarfi, silin POP ko na roba ba zai ɗauke ki ba, kar kuma ki ba mai walda ya haɗa miki da bututun ruwa. Ki ɗan gwada yau, ki jingina bayanki da bango ki ɗaga hannu biyu sama a hankali har su taɓa bangon, ki faɗa min ko kafaɗa ta yi suka, ki kuma faɗa min wane irin silin ne a ɗakin.