Yamaha MG10XU: inda take gyara murya da inda ba ta iya kaiwa

Kunnen mutum yana jin sauti daga 20 Hz zuwa kusan 20,000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne: ƙaramin adadi kauri, babba siranta), amma a wannan mikisa, wato na'urar haɗa sauti da gyara shi, wurare uku kawai za ka iya taɓawa a layukan makirfo huɗu na farko: LOW a 100 Hz, MID a 2.5 kHz, HIGH a 10 kHz. Kowanne yana ƙarawa ko ragewa har 15 dB (ma'aunin ƙarfin sauti). Layukan sitiriyo kuwa LOW da HIGH kaɗai gare su.

Abin da ya fi amfani a jikinta shi ne ɗan maɓallin HPF, wanda ke rage sautin da ke ƙasa da 80 Hz. A danna shi a kowane makirfon magana. Yana kwashe gurnanin riƙe makirfo da bugun iska na haruffan "b" da "f", kuma murya ba ta rasa komai. Ƙugin wuta na 50 Hz, wanda janareta ko waya marar kyau ke kawowa, rage shi kawai yake yi. Idan daga waya ne, maganinsa wayar XLR mai kyau, wato wayar makirfo mai haƙori uku.

Masu saiti da yawa sukan murɗe LOW zuwa ƙarshe don murya ta yi kauri. Sai jar fitilar PEAK, mai nuna sauti ya yi yawa, ta kama, lasifika ta fara ɓarɓaɗi, na bayan taro su daina gane kalmomi. Mai magana da ya manna baki da makirfo ya riga ya ƙara kaurin da kansa, don haka rage LOW ake yi, daga tsakiya (ƙarfe 12 idan ka ɗauki maɓallin kamar fuskar agogo) zuwa wajen ƙarfe 10. MID shi ke fito da harafi, ɗan ƙari kaɗan ya wadatar. Idan lasifikar mai ƙaho ce irin ta masallaci, a bar shi a tsakiya ko a rage, domin ita ma a wannan wurin take da ƙarfi, kuma daga nan kukan lasifika yakan taso. HIGH idan ya yi yawa sai "s" da "ts" su riƙa sukar kunne.

Babban aibinta shi ne MID ba ya motsi daga 2.5 kHz. Ɗaki mai siminti da tayil yakan cushe murya tsakanin 250 da 400 Hz, ta fito kamar daga cikin randa, kuma babu maɓallin da ya kai wurin. Ka rage LOW, murya ta rame, cushewar na nan. Wutar 48V da wasu makirfo ke buƙata ma maɓalli ɗaya ne ga layukan huɗu duka.

Ga wa'azi, lacca da ɗaukar murya a kwamfuta ta USB, ta cancanci kuɗinta, sautinta tsaf. Mai haɗa mawaƙa da kalangu a babban zaure ya nemi MG16XU, wadda MID ɗinta ke zagayawa daga 250 Hz zuwa 5 kHz.