Fasa ƙwallon aduwa: filayar kanti, bais, ko mai dogon hannu?

Hajiya, kin ce kina tara ƙwallon aduwa daga ƙauyukan Dukku don tatsar mai, yaran gida sun gaji da fasawa da dutse, ga shi kin ga wani ƙarfe mai kama da filaya ana tallarsa a Facebook, kina tambaya ko ki saya. Don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna.

Wannan filayar an ƙera ta ne don wani ƙwallo da Turawa ke kira walnot, irin mai sakayau ɗin ɓawo, wanda ƙato ma zai iya matse biyu a tafin hannu ɗaya ya fashe. Su kansu Amurkawa suna da wani irin, baƙin walnot, da ke fitowa a gabashin ƙasarsu, kuma sun san filayar ba ta iya masa. Shi ya sa suke ƙera masa abin fasawa na daban mai dogon hannu da ake ɗaure wa a tebur. Ƙwallon aduwa a sahun wannan na biyun yake. Ɓawonsa itace ne sosai, mai kauri, ga tsini baki da baki yana zillewa. Yawancin filayoyin nan kuma da tutiya ko alminiyam ake zuba su, a shafe da ruwan ƙyalli. Ƙarfen zubi irin wannan ba ya lanƙwasa ya ba ki gargaɗi, ɓallewa yake yi kawai, galibi a wajen ƙusar da ta haɗa hannuwan.

Ko da an samu ta ƙarfen kirki, gajartar hannu ke kayar da ita. Hannunta bai fi santimita 15 ba, ƙwallon kuma yana zama kamar santimita 3 ko 4 daga ƙusar, wato ƙarfin hannunki ya ninku sau huɗu ko biyar. Mai dogon hannu kuwa, idan hannun ya kai santimita 60, ƙwallon yana santimita 5 daga ƙusa, ninki 12 ke nan. Kin danna da nauyin kilo 10, ƙwallon ya sha 120.

Dutse da guduma ba zan raina su ba, da su iyayenmu suka yi ta yi, kuma ba a biyan ko kwabo. Matar da hannunta ya faɗa tana iya tsere wa mai sabon inji. Matsalarsu bugun ba shi da birki. Ɓawo ya fashe, guduma ta ci gaba da tafiya, ta dagargaza ƙwayar ta cakuɗa ta da ɓarɓashi. Tsince wannan ɓarɓashin shi ne ainihin aikin da ke cinye yini. Ga tsinin ɓawo da ke tashi sama yana neman idon yaro, ga yatsu da farce ya yi baƙi. In dai da dutsen za a ci gaba, a samu mai ɗan rami da ƙwallon zai zauna, a riƙe shi da awartakin maƙera ko a kewaye shi da zoben tsohuwar roba, kar a riƙe da yatsa.

Bais ɗin makanikai, wanda suke matse ƙarfe da shi a kan benci, ya fi kowa ba da ƙwaya lafiyayya. Kina murɗawa a hankali, kina jin ƙas, ki tsaya. Babu ƙwallon aduwar da zai gagare shi. Amma ki murɗa, ki warware, ki saka wani, ki sake murɗawa: wanda zai fasa kwano guda don man gida zai iya, mai buhu kuwa sai dai ta tsufa a kai.

Abin da zan zaɓa miki shi ne mai dogon hannu, kuma ba sai an yi odarsa daga waje ba. Mai walda da ya san aikinsa a cikin Gombe zai haɗa miki, amma ki je da ƙwallon a leda, manya da ƙanana, ki kuma faɗa masa abin da kike so da bakinki, don in kika bar shi da tunaninsa zai yi miki abin matse gwangwani.

Baki biyun da za su kama ƙwallon a yi su da ƙarfen sifirin ɗin mota, wanda maƙera ke yin gatari da shi, a ɗan fafe su yadda tsinin aduwar zai shige ya zauna, a yi musu haƙora. Ƙarfen rodi na gini da wuri zai lotse, ƙwallo ya riƙa tsalle. Ƙusar da hannun ke juyawa a kanta ta zama bol mai kauri da noti, wanda in ya cinye za a kwance a canza, kar a like ta da walda. Gindin a ɗaure shi a kan katako mai nauyi da za ki taka da ƙafa, in ba haka ba abin zai riƙa ɗagowa yana bin hannunki.

Sai babban abin, wanda shi ne dalilin da na fifita wannan a kan dutse: a saka masa noti mai daidaita tazarar da ke tsakanin baki biyun da kuma abin tsayarwa. Ɓawo ba ya buƙatar a matse shi fiye da 'yan milimita kafin ya tsage. Idan hannun ya sauko ya ci karo da ƙarfen tsayarwa daidai lokacin, ƙarfin ya ƙare a kan ɓawo, ƙwaya ta fito sumul. Idan babu wannan, kin sayi guduma ce mai tsada. Don haka ne za ki ware ƙwallayen gida biyu ko uku bisa girma kafin a fara, a murɗa notin sau ɗaya a gama da manya, a sake murɗawa a shiga ƙanana. Kar ki biya cikon kuɗin aiki sai an fasa na ledar nan a gabanki kin ƙirga nawa suka fito ba karaya.

Rabin wahalar ma tun kafin fasawa ake rage ta. A jiƙa a wanke zaƙin da ke bayan ƙwallon tas, don danƙonsa na sa ƙarfe santsi kuma yana tara ƙura. A shanya sosai har sai kin girgiza ƙwallo a kunne kin ji ƙwayar na kaɗawa a ciki. Ta saki ɓawo ke nan. Wadda ba ta bushe ba tana manne da shi, duk abin da kika fasa da shi sai an ƙwaƙulo ta. Ɓawon kuma kar a zubar, yana ci da wuta sosai, zai rage miki kuɗin ice wajen suyar ƙwayar.

Akwai inji mai lantarki ko fetur irin na fasa ƙwarar manja a Kudu, wanda ke wulwula ƙwallo ya maka shi da bangon ƙarfe. Wannan sai harka ta kai buhuna masu yawa a mako, ko ku haɗu ƙungiya ku saya. Shi ma an auna gudunsa ne da ƙwarar manja, don haka a gwada shi da aduwa a gabanki kafin a yi ciniki, kuma bayansa akwai aikin raba ɓawo da ƙwaya.

Tunda na san za a ce a gwada mai dogon hannun a kan komai: ƙwallon atilin da ake kawowa daga Filato zai fasu in an buɗa tazarar yadda ta dace. Ƙodagon goruba ya fi ƙarfin bakinsa, kar a saka. Yazawa kuwa ɗanyarta kar ta kusance shi, ruwan da ke cikin ɓawonta yana ƙona fata, kuma zai ɓata ƙarfen da kike fasa abin ci da shi.