Kafin ka sayi littafin kiɗan ogan, fara duba ƙarƙashin ƙafarka

A cocin Lutaran na ƙasar Jamus, daga wajen 1600 zuwa 1750, mai kaɗa ogan yakan fara jero karin waƙar sujada, ya ƙawata shi, kafin jama'a su ɗauki waƙar. Daga nan aka samu ɗaruruwan kiɗe-kiɗe da har yau ake bugawa a littattafai. Wanda zai saya, abin da zai fara tambayar kansa shi ne: ogan ɗina yana da feda, wato allon da ake takawa da ƙafa, ko kuwa kibod ne kawai?

In kibod ne, kada ka fara da Orgelbüchlein, littafin kiɗan ogan na shahararren mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach, duk da cewa shi kowa zai fara ambata maka. Bach ya rubuta shi a birnin Weimar, ya tanadi wurin waƙoƙi 164, amma guda 46 kacal ya kammala. Gajeru ne, da yawansu shafi ɗaya, kuma karin waƙar galibi yana can sama inda kunne zai kama shi. Sai dai kusan kowanne yana buƙatar ƙafa, kuma ƙafar ba rakiya take yi ba, nata layin take bi. Cire ta, ka cire ƙashin bayan kiɗan.

Mai kibod ya fi cin riba da tarin guda 80 da Hermann Keller ya haɗa, bugun kamfanin ɗab'i na Peters. A ciki akwai kiɗe-kiɗen Pachelbel da Walther da sauran masu tsara kiɗa tsararrakinsu, kuma da yawa hannu biyu sun wadatar. Ina son Pachelbel saboda ba ya ɓoye waƙar. Yakan ɗauki layin farko ya sa muryoyin kiɗan su yi ta miƙa wa juna, har ko mara ilimin kiɗa ya gane inda aka dosa. Wanda ya nace sai Bach, ya nemi tarin Neumeister, mai ɗauke da ayyukan ƙuruciyar Bach da aka gano a ɗakin karatun Jami'ar Yale ta Amurka a 1984. Yawancinsu ba sa wahalar da ƙafa.

Mai feda kuwa, Orgelbüchlein ne littafinsa, amma a nan bugu yana da muhimmanci. Tsohon bugun Peters da Griepenkerl ya shirya ya jera waƙoƙin bisa haruffan sunayensu, ya rushe tsarin Bach, wanda ya bi shekarar ikilisiya tun daga makonnin jiran Kirsimeti har zuwa Ista da Fentikos. Kamfanonin ɗab'i na Bärenreiter da Breitkopf sun bar tsarin yadda yake. Ko da sun ɗara kuɗi, ni su nake ba da shawara, domin mai hidima ranar Lahadi lokaci yake bi, ba harafi ba. Tsofaffin bugu suna nan kyauta a shafin intanet na IMSLP, sai ka duba su tukuna.

Kiɗe-kiɗe shida na Bach da ake kira Schübler, da aka buga wajen 1748, sun fi daɗin ji, amma suna son allunan hannu guda biyu da feda, kowane hannu da tasa murya. Sha takwas ɗinsa da ake kira Leipzig dogaye ne, a bar su sai hannu ya faɗa.

Kowane ka zaɓa, ka haɗa da faifai ɗaya. Mai kaɗa ogan Helmut Walcha makaho ne, layi-layi ya haddace kiɗan Bach, kuma a faifansa na kamfanin Archiv kowace murya a fili take. Amma ga wanda bai taso da waɗannan waƙoƙi ba, na fi son faifan mai kaɗa ogan Ton Koopman na kamfanin Teldec mai ɗauke da Schübler da Leipzig, domin ƙungiyar mawaƙa tana rera waƙar kanta, ka ji ta da baki sannan ka ji abin da Bach ya yi da ita.