Yaya, Maganar Kawo Hajiya Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya Anti da yara, ya sanyi? Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Na saurari saƙonka na murya sau biyu, inda ka ce tunda gwiwar nan ta ƙi sauƙi gara na kawo ta nan Houston a yi mata aiki. Ban ba ka amsa nan take ba saboda maganar ta fi ƙarfin waya. Ka yi haƙuri ka karanta, sai ka ga inda gizo ke saƙar.

Asibiti dai akwai shi, wannan ba na musu. Akwai wata unguwa a garin nan, Texas Medical Center, asibitoci ne zalla jere da juna, kuma daga ƙasashen Larabawa ma masu kuɗi zuwa suke yi. Ba a ɗauke wuta, ba a ce maka je ka sayo safar hannu da ruwan ƙari kafin a taɓa maras lafiyarka. Tun 1986 doka ta hana ɗakin gaggawa korar mutum don ba shi da kuɗi. Sai sun ceto ka tukuna. Amma bayan mako biyu ko uku sai takardar neman biyan kuɗi ta fara shigowa akwatin wasiƙa, ta asibiti daban, ta likita daban, ta mai hoton ƙirji daban, ta motar da ta ɗauko ka daban. A gida kafin a duba ka ake karɓar kuɗi, ka san abin da ka biya ka wuce. Nan kuwa bashin ne yake bin ka har gida.

Shi ya sa kowa ke rungume da inshorar lafiya. Ma'aikatan manyan kamfanoni wurin aikinsu ne ke biya musu mafi yawa. Irinmu direbobi masu zaman kansu sai dai mu saya a kasuwar da dokar Obama ta 2010 ta kafa, wadda ake kira Obamacare, gwamnatin tarayya tana cika mana wani abu. A 2021, lokacin korona, aka ƙara wannan tallafin sosai, a 2022 aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025. Shekarun nan mun ji daɗi, ni da maman yara dala 75 kawai muke biya a wata. Mutum sama da miliyan 24 suka shiga, Texas kaɗai kusan miliyan 4.

To ƙarin nan ya ƙare ranar 31 ga Disamba. Ka tuna lokacin da BBC suke ta cewa gwamnatin Amurka ta tsaya cik? Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43, kafin nan ba a taɓa yin mai tsawon haka ba, kuma a kan wannan tallafin aka yi ta ja-in-ja. Aka buɗe gwamnati, tallafi bai dawo ba. Ranar da zan sabunta inshorarmu ina cikin mota a layin filin jirgi ina jiran fasinja, na buɗe waya na ga dala 300 da ɗoriya. Na ɗauka kuskure na yi wajen rubuta abin da nake samu, na goge na sake. Haka ta sake fitowa. Har na baya ya yi mini hon ban ji ba.

Inshorar hawa-hawa ce, akwai ta zinariya, ta azurfa, ta tagulla. Muka sauko daga azurfa zuwa tagulla. Kuɗin wata ya yi sauƙi, amma sharaɗinta sai ka kashe wajen dala 7,000 daga aljihunka a shekara kafin su fara biyan abin kirki. Wato ina riƙe da kati, amma in ba haɗari na yi ba, Allah ya kiyaye, katin ado ne. Maman yara tana fama da ciwon baya tun bara, yanzu sai ta shafa man zafi ta ce ya yi sauƙi, ni kuma na san lissafi take yi. Yaran dai alhamdu lillahi suna ƙarƙashin shirin yara na gwamnati.

Ka san abin da na fi kewa? Kyamis ɗin bakin layinmu. Ka je ka ce ga abin da ke damunka, a ƙirga maka ƙwaya, in babu kuɗi a rubuta. Na san akwai ganganci a ciki, amma nan ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ba za a sayar maka ba sai da takardar likita, ganin likitan kuma kuɗi ne. Maganin ciwon kai ne kawai yake arha, kwalba guda sai ka shekara kana sha.

Masu ƙaramin ƙarfi su ma ba su tsira ba. Dokar kasafin da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta zabtare kusan dala tiriliyan ɗaya daga Medicaid, inshorar talakawa, cikin shekara goma, kuma ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta mutum miliyan 10 za su rasa inshora nan da 2034. Daga 2027 manya da yawa sai sun kawo shaidar aikin awa 80 a wata, ana kuma sake tantance su duk wata shida. 'Yan'uwanmu na unguwar Bronx a New York da ke sana'ar hannu, waɗanda ba su da takardar albashi, su abin zai fi wahalar. Mu a Texas dama tun farko jihar ta ƙi faɗaɗa shirin, don haka magidanci mai lafiya ba ya ma sa rai.

Yanzu dubi Hajiya. Baƙuwa ce, ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan. Inshorar matafiya ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi daga gida. Aikin canza gwiwa a nan dubun-dubatar daloli ne, ban da gashin ƙashi na bayan aiki, ko motar nan na sayar ba za ta kai ko'ina ba. Ga shi tun farkon 2026 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ziyara. Sannan wa zai zauna da ita? Ni ina titi awa goma sha biyu, maman yara tana aiki, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce sannu.

Shawarata, a fara kai ta asibitin ƙashi na Dala. Dalar can ta fi mana dalar nan sauƙi. A yi hoto, a ji ta bakin babban likita, ka ɗauki hoton takardun ka turo mini ta WhatsApp. In ya ce aikin ya fi ƙarfin gida, sai mu duba Alƙahira, ka tambayi waɗanda suka kai nasu nawa suka kashe har da masauki. Kuɗin azumi zan turo kamar kullum in sha Allahu, amma na ginin nan a ɗan dakata sai bayan salla. Kada ka faɗa wa Hajiya dalili, ka san ta, sai ta ce ta fasa maganin. Ka gaida mini ita, ka ce zan kira ta ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku.

Ƙaninka.